Motata ba ta shan mai, agogonta ne ke ƙirga mil

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai mota a Sakkwato ya koma lissafi. Ni ma Camry ɗina 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano sai na fara zarginta. Na cika tanki, na je Birnin Kabi ta hanyar Argungu na dawo, na sake cikawa. Lita 27 ta sha, agogo kuma ya nuna 186. Na kai wa makanike lambobin nan biyu. Ya raba, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wagga mota zubar da mai take yi, ko kilomita bakwai ba ta yi da lita."

A ranar aka sauya fulogi, aka wanke nozul, aka cire famfon mai mai lafiya aka sa wani. Kuɗin da na biya sun isa in cika tanki sau biyu. Na sake gwadawa, lissafin yana nan inda yake.

Ƙanin maiɗakina da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ya leƙa gaban motar ya ce, "Yaya, ai mil take ƙirgawa." Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Wato 186 ɗin nan kusan kilomita 300 ne, wanda shi ne tsawon tafiyar zuwa da dawowa. A raba da lita 27, sai ka ga kilomita 11 a kowace lita, da esi a kunne. Motar lafiyarta lau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, makaniken nan motocin Amurka yake kwancewa kullum. Ya san hanyar Birnin Kabi kamar tafin hannunsa, ya san zuwa da dawowa ba zai taɓa zama kilomita 186 ba. Ko bai lura ba, ko ya lura ya yi shiru, har yau ban yanke hukunci ba. Famfon nan da aka cire, na kamfani ne.

Daga baya na zauna na koyi sauran. Allon motar yana nuna MPG, wato mil nawa take yi da galan ɗaya, kuma tawa tana yawo wajen 26. Galan na Amurka lita 3.785 ne, don haka ka ninka lambar da 0.425 ka samu kilomita a lita. Na Ingila kuwa lita 4.546 ne, shi ya sa motar da Ba'amurke zai ce tana yin 26, Baturen Ingila 31 zai kira ta, alhali man da aka ƙona ɗaya ne. Idan dillali ya nuna maka wata babbar lamba a waya, tambaye shi daga wace ƙasa ya ɗauko ta. Motocin Jamus da Beljiyam su kuma lita nawa a kilomita 100 suke nunawa, a can ƙaramar lamba ce mai kyau. Tawa 9 za ta zama.

Kada ka yi gwajin da man galan na bakin titi, ba ka san lita nawa aka zuba ba. Gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, ka cika har ya katse, ka rubuta.

Akwai kuma wata ɓarna da mil ɗin nan ke yi a ɓoye. Mai juyen baƙin mai yakan ƙara 5,000 a kan abin da agogo ya nuna, ya ce ka dawo in ta kai. A motar Amurka wannan ya haura kilomita 8,000. Da ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a garin nan, ban yarda injina ya jira haka ba. Yanzu mil 3,100, wato kusan kilomita 5,000, nake sa a ƙara mini, kuma a gabana ake rubutawa.