Rumbun Unguwarmu da Abin da Mai Injin Niƙa Ta Lura da Shi

Matar da ke da injin niƙa a bakin layinmu ce ta fara ankarar da mu. Wata ranar Asabar cikin watan Yulin 2023 na kai mata masara da kaina saboda yaran gida sun tafi Islamiyya, sai ta jira har waɗanda suka riga ni suka watse, sannan ta kashe injin ta ce da ni, "Malam, yau kwana tara ba a kawo niƙa daga gidan Baba na ƙarshen layi ba, kuma ba tafiya suka yi ba, domin kullum ina ganin jikokinsa suna wucewa ɗiban ruwa." Daga haka ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta tayar da injinta.

Wannan dattijo sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci sau biyar a rana. Yana cikin dubban mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a masaƙun Kakuri da ke nan Kaduna, waɗanda aiki ya kuɓuce musu lokacin da masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Rigarsa kullum wankakkiya ce kuma gogaggiya, gaisuwarsa cikakkiya, idan ka tambaye shi iyali sai ya ce lafiya lau, sai godiya. Na shekara goma sha ɗaya ina maƙwabtaka da shi a nan ɓangaren Kawo, amma mai niƙa ta san halin da tukunyarsa ke ciki, ni ban sani ba. Abin ya tsaya mini a rai, har yau kuma bai sake ni ba.

Kowa ya san irin lokacin da ake ciki a wancan watan. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya ninka, kuma duk abin da mota ke ɗaukowa daga ƙauye ya bi sahu. Kafin tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. A gidaje irin na Baba, ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce tuwon dare ya koma koko, daga baya kokon ma ya koma na yara kaɗai.

Mu bakwai muka zauna bayan sallar Isha'i a wannan makon, har da liman da wakilin mai unguwa. Babu attajiri a cikinmu: malaman makaranta biyu, tela, direba, mai shago, sai su biyun da na ambata. Muka tsayar da shawara cewa kowane gida da ke da hali ya riƙa kawo mudu ɗaya na hatsi a wata, ko kuɗinsa, a tara a wani ɗaki da ke jikin masallaci inda a da ake ajiye tabarmi. Mata kuwa suka fito da tasu dabarar da ta fi tamu albarka, wato duk sanda za a ɗora tukunya sai uwargida ta cire dintsi ɗaya na shinkafa ko wake ta zuba a wani kwano daban, ranar Juma'a yarinya ta zagaya ta tattara. Dintsi ba ya rage wa kowa ƙoshi, amma na gida arba'in a kwana bakwai yana cika kwarya babba.

Wani matashi cikin masu taya mu aiki ya ce a ƙasashen Turawa ana kiran irin wannan abu bankin abinci, ya kuma so mu sa masa wannan suna. Gaskiya ne cewa akwai shi. Na farko an kafa shi a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka a 1967, ta hannun wani mutum mai suna John van Hengel, wanda ya ga manyan kantuna suna zubar da abincin da bai lalace ba, sai ya nemi wurin da za a riƙa ajiye shi domin mabuƙata su samu. Daga can tsarin ya bazu, ya isa Faransa a 1984, yanzu kuma har a Legas akwai masu yin sa. Sai dai nasu ya ginu ne a kan rarar manyan kantuna da kamfanoni, mu kuwa a layinmu babu wanda ke da rara. Abin da muke yi ya fi kama da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa Ash'arawa, mutanen wata ƙabila ta Yaman, a kansa: idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya, su raba a tsakaninsu daidai da mazubi ɗaya. Saboda haka muka bar shi da sunan da kakanninmu suka sani, muka ce rumbu. Iyayenmu ma da suke ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da akushinsa a haɗu a ci, suna da hanyar gane wanda akushinsa ya daina fitowa. Katanga da ƙofar ƙarfe ne suka raba mu da wannan sani.

Tara hatsin bai ba mu wahala kamar raba shi ba. Buhun farko da muka aika gidan Baba, da rana tsaka a kan baro, ya dawo mana kafin La'asar tare da saƙon godiya da cewa a ba wa waɗanda suka fi buƙata. Laifin namu ne, domin mun tura yaro ya bi layi da kaya kowa yana gani, mun manta cewa mutumin da ya shekara talatin yana ciyar da gidansa da guminsa zai iya jure yunwa fiye da yadda zai jure idon maƙwabta. Liman ne ya gyara ɓarnar. Ya je da kansa bayan Magariba ya ce masa, "Baba, mun fara wani aiki da ya fi ƙarfin saninmu. Kai ka riƙe ɗakin ajiya a masaƙa shekara da shekaru, mu kuwa ko lissafin buhu ba mu iya ba. Muna roƙon ka riƙe mana makulli da mudu." Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, in dai aiki ne, zan yi." Tun daga ranar shi ke awo, shi ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma yana da kasonsa na mai aiki, wanda ko a rabon zakka aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci masu yi mata hidima cikin mutum takwas da suka cancanta. Ban taɓa ganin ya aunar wa kowa mudu a shafe ba, kullum sai ya yi masa tozo.

Daga wannan darasi muka kafa ƙa'idojin da har yanzu muke kansu. Ba a yin layi, ba a ɗaukar hoto, ba a kiran suna a lasifika. Mata biyu dattijai ne ke shigar da kaya gidaje da daddare a cikin jakar cefane, kamar masu zuwa ziyara. Wani gidan kuma ta hannun mai shago muke bi, a rage masa bashin da ke littafi ba tare da an yi magana ba. Na san akwai masu ganin hoto yana ƙara wa jama'a ƙwarin guiwar bayarwa, kuma ban ce ƙarya suke yi ba, amma na kasa samun hujjar da za ta sa fuskar bazawara riƙe da ledar shinkafa ta yi yawo a Facebook, 'ya'yanta su girma su tarar da ita a can. Game da layi kuwa, abin da ya faru a watan Disamban 2024 ya isa gargaɗi, lokacin da mutane fiye da 60, da yawansu yara, suka rasu a turmutsitsin rabon kayan abinci da kyaututtuka a Ibadan da Okija da Abuja cikin mako guda. Wanda ya san gidajen mabuƙatansa ba shi da dalilin tara su a fili ɗaya.

Abu na biyu da muka koya shi ne lokaci. Yawancinmu hannunmu yana buɗewa ne a watan azumi, kuma hakan alheri ne, sai dai a shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da hatsin kaka bai gama ƙarewa a gidaje ba. Yunwa mai tsanani tana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi ya kai ƙololuwa, ruwan sama kuma ya hana mai aikin gini da mai tura baro fita nema. A lokacin ne kuma masu bayarwa suka yi sanyi. Don haka muka juya tsarin: kuɗin da aka tara daga Sallah zuwa kaka ba ma taɓa shi sai Nuwamba ko Disamba, direban da ke cikinmu ya tafi kasuwar Saminaka ko ta Giwa ya sayo masara da dawa da wake a farashin kaka, mu ajiye sai damina. Shekarar farko ƙwari suka cinye mana kusan rabin waken, saboda mun zuba shi a buhu na gama-gari mun jingine a ƙasa. Baba ne ya sa muka koma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure kowace leda daban iska ba ta shiga, muka kuma ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Tun daga nan ba mu sake asara ba, kuma ba mu zuba wa abincin mutane maganin ƙwari ba. Zakkar fidda-kai ita kaɗai ce ba ta kwana a rumbu, domin lokacinta ƙayyadadde ne, ana raba ta kafin a tafi Idi. Ita da sauran zakka littafinsu daban, sadaka ma nata daban, kuma daga sadakar ne muke kai wa gidaje biyu na maƙwabtanmu Kiristoci da suka rage a layin, waɗanda ba su ƙaura zuwa ƙetaren kogin Kaduna ba bayan rikice-rikicen 2000 da 2002.

Maganar amana takaitacciya ce. Lissafin kuɗi da na buhu ana manna shi a bangon masallaci duk ƙarshen wata, a kuma tura shi zauren WhatsApp na unguwa. Sunayen masu karɓa kuwa mutum uku ne kaɗai suka san su.

Ba zan ɓoye cewa kusanci yana da nasa makanta ba, kuma ni na fara faɗawa cikinta. A daminar 2024 na dage sai an ƙara wa wani gida kaso saboda na san su, matata kuma tana shiga wurinsu, alhali a wani kango da ke bayan layinmu akwai iyali mutum tara da suka gudo daga yankin Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, sun fi wata biyu a wurin babu wanda ya sa su a lissafi. Ba su da hatsin da za su kai niƙa balle mai niƙa ta lura sun daina zuwa, ba su da littafin bashi a shago, maigidan kuma yana sallah a sahun baya ya fice kafin a shafa addu'a. Mai sayar da gawayi ce ta gano su, saboda ta ga yaransu suna tsintar leda da kara domin hura wuta. Na ji kunya ƙwarai, domin na fahimci cewa ina kiran abin da nake yi taimakon maƙwabci, alhali taimakon wanda na saba da shi nake yi. Tun daga lokacin, duk wata biyu muna zagayawa da wakilin mai unguwa mu tambayi wa ya tare, wa ya tashi, wane kango ne aka rataya wa buhu a madadin ƙofa.

Akwai kuma abin da na lura da shi a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Cikin kwana uku layinmu ya tara wa mutanen Borno abin da rumbu ba ya samu a wata biyu, kuma na yi farin ciki da hakan, domin buƙatarsu a lokacin ta fi tamu nesa ba kusa ba, malamanmu na Malikiyya ma sun yarda a kai zakka wani gari idan mutanensa sun fi tsananin buƙata. Abin da ya ba ni tunani shi ne yadda bala'in da muka gani a waya ya motsa mu nan take, yunwar da ke bayan katangarmu kuwa sai an yi ta tunatarwa. Asalin umarnin da aka ba Mu'azu ɗan Jabal da aka aike shi Yaman shi ne a karɓi zakka daga mawadatan mutanen can a mayar wa matalautansu, kuma da Abu Ɗalha ya zo zai sadaukar da gonar da ya fi so, ga danginsa aka nuna masa ya bayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana ɗaga kai ya dubi rufin.

A bana gida 23 ne ke cikin littafin Baba. Hatsin da muka saya da kaka, buhu 14 na masara da 3 na wake, bisa lissafinsa zai kai mu tsakiyar Agusta, ya rage mako uku ko huɗu kafin sabuwar masara ta fara shigowa kasuwar Kawo ranar Talata. Wannan giɓin ne muke neman cikewa yanzu, kuma mun roƙi gidajen da ke kawo mudu ɗaya su mayar da shi biyu na wata uku kacal, ban da waɗanda su ma ƙafarsu ta fara rawa. Mai niƙa ta ce daga nan zuwa ƙarshen damina duk niƙan da ya fito daga rumbu kada a kawo mata kuɗinsa, a dai haɗa mata shi rana ɗaya, saboda wutar lantarki ba ta da tabbas, man injin kuma ya yi tsada.