Kabarin Cynthia Ann Parker ba ya Texas, ku sani kafin ku kama hanya

Wallahi har yanzu abin yana ci min rai. Mun taso daga Dallas muka nufi Groesbeck don ganin Fort Parker, inda Komanci, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, suka kai hari ran 19 ga Mayu 1836 suka kashe mutum biyar suka tafi da Cynthia Ann tana 'yar wajen shekara 9. Katangar katakon da ke wurin ba ta asali ba ce, sake ginawa aka yi, amma wannan bai dame ni ba. A maƙabartar da ke kusa mun ga kabarin bai-ɗaya na waɗanda aka kashe, na yi ta zagaye cikin rana ina karanta duwatsu ina neman sunanta, ashe matar ba ta ma cikin jihar.

Sau biyu aka tono ta. An fara binne ta a gundumar Anderson ta Texas, a 1910 ɗanta Quanah, shugaban Komanci, ya sa aka kai ƙasusuwanta Post Oak Mission kusa da Cache a Oklahoma, sai kuma a 1957 aka mayar da ita da gawar Quanah Fort Sill, nan Oklahoma. Kuma Fort Sill barikin soja ne mai aiki, ba a faɗa masa haka kawai, sai ka tsaya an duba takardunka an ba ka izinin shiga. Ranarmu ta tafi a haka, ga kuɗin mai.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne yadda ake cewa an "ceto" ta a 1860 a kogin Pease. Mace ta yi shekara 24 cikin Komanci, ta auri Peta Nocona, ɗaya daga cikin shugabanninsu, ta haifi 'ya'ya uku, Turanci ma ya kusa ɓace mata, sai dakarun Texas ƙarƙashin Sul Ross suka kamo ta da jaririyarta, ba ta ƙara ganin 'ya'yanta maza biyu ba har ta mutu. Ta yi ta ƙoƙarin gudu ta koma. Ni dai a wurina sau biyu aka sace baiwar Allahn nan, kuma duwatsun maƙabartar ɓangare ɗaya kawai suke faɗa.

Don haka in za ku je irin waɗannan tsofaffin maƙabartu, ku fara bincika ko an taɓa ɗauke gawar, don wani dutsen na tunawa ne kawai, babu kowa a ƙarƙashinsa. In kuma ita kuke nema, Oklahoma za ku nufa kai tsaye, da fasfo a hannu.