Wasiƙa daga Ingila: bashin ruwa ba ya rufe famfo, amma yana ɓata suna

Jama'ar gida, assalamu alaikum.

Masu shirin zuwa karatu ko aiki, da iyayen da ke turo su, sun sha tambayarmu ko a nan ana yanke wa mutum ruwa in ya kasa biya. Ba a yankewa. Tun 1999 doka ta hana kamfanonin ruwa na Ingila da Wales rufe famfon gidan zama saboda bashi, ta kuma hana su rage ƙarfin ruwan. Wannan ne ke sa wasu sakaci, su riƙa tara takardun kamfani a aljihun tebur ba su ko buɗe ba.

Bashin kuwa yana nan yana tafiya. Bayan takardun tuni da kiran waya, kamfani kan miƙa shi ga masu karɓar bashi, kuma yakan sanar da hukumomin da ke ajiye tarihin biyan kuɗin kowa. Kafin a je kotu za a aiko takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 30. In sammaci ya biyo baya, kwana 14 ne a mayar da amsa. Wanda ya yi shiru, hukunci zai hau kansa ba tare da an saurare shi ba, kuma ya zauna a rajistar hukunce-hukuncen bashi shekara 6, sai fa in ya biya duka cikin wata guda. A tsawon shekarun nan samun gidan haya ko rancen banki kan zama wahala. Ku sani kuma, mai karɓar bashi ba shi da ikon shiga gida ko ɗaukar kaya. Wannan aikin jami'an zartar da hukunci ne, su ma sai da umarnin kotu.

Taimako akwai, amma galibi sai an nema. Kowane kamfani yana da rangwamen masu ƙaramin ƙarfi, sai dai sharuɗɗan sun bambanta daga yanki zuwa yanki, alhali magidanci ba shi da damar sauya kamfani. A ganinmu wannan rashin adalci ne. Shirin WaterSure yana tsayar da kuɗin gida a matsakaicin abin da ake biya a yankin, ga mai mita da ke karɓar tallafin gwamnati, in yana da yara uku ko fiye 'yan ƙasa da shekara 19, ko mara lafiya mai buƙatar ruwa da yawa, kamar mai wankin ƙoda a gida. Ɗalibai da masu bizar aiki su lura: yawancinsu ba su da haƙƙin tallafin gwamnati, don haka su nemi biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinsu.

In bashin ya yi nauyi, ƙungiyoyin agaji na StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma ta hannun irinsu ake samun hutun kwana 60 da ake kira Breathing Space, wanda ke dakatar da masu bin bashi. Kamfani in ya ƙi sauraro, a kai ƙara CCW, mai kare masu amfani da ruwa.

Inda sababbin zuwa suka fi faɗawa shi ne haya. Mazaunin gida ke da alhakin kuɗin ruwa, sai in yarjejeniyar haya ta ce mai gida ne. Ku karanta ta, ku ɗauki hoton lambar mita ranar shiga da ranar fita, ku sanar da kamfani sabon adireshi, domin in ba haka ba, tsohon gida sammaci zai tafi.

Mun gaishe ku.