Faifai ɗaya, hanya huɗu: inda na kai a koyon haɗa saba da rumbun SAN

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Na yi muku alkawarin zan riƙa faɗin inda na kai duk ƙarshen mako, ga shi mako na shida ya kama ban ce uffan ba. Kunya ce ta hana ni. Kwana goma sha ɗaya na yi ina neman faifan da ke gabana, wanda tsakaninsa da sabar bai kai taku biyu ba.

Ga kayan da nake wasa da su, don mai son bin sawu. Tsohuwar saba ɗaya mai ɗauke da Rocky Linux, a cikinta katin HBA (katin da ke haɗa saba da rumbu ta Fibre Channel, wato hanyar sadarwa ta musamman tsakanin saba da rumbun faifai) na QLogic, QLE2562, mai kafa biyu, kowace tana gudun gigabit 8. Kafa nake kiran ramin da ake soka waya. Sai suwic biyu na Brocade 300, na hannu, da na sayo daga Legas, da rumbun faifai mai kwantirola biyu (su ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa faifan cikinsa) wanda aka yi wa ritaya a wurin aikin ogana, ya ara mini da sharaɗin kada in ƙona masa shi. Wanda bai san bambancin ba, NAS fayil yake ba ka ta hanyar sadarwa, kamar a miƙo maka dafaffen abinci. SAN kuwa tsabar hatsi yake auno maka: rumbun ya yanki wani kaso daga faifansa, ana kiran kason LUN, ya miƙa wa saba, ita kuma ta ɗauka faifai ne a cikin cikinta, ta tsara shi yadda ta ga dama.

Mako na farko

Na ɗaura kati, na soka wayoyin faiba masu ruwan shuɗi-shuɗi, irin OM3 ɗin nan, na kunna komai, na zauna ina jiran faifai ya bayyana. Shiru kake ji. Sai na yi abin da duk sabon shiga ke yi: na afka wa Linux. Na sake ɗora direba, na sake kunna saba ya fi sau goma, har na fara zargin katin jabu aka sayar mini.

Ran Asabar ogana ya biyo. Ko kallon allon sabar bai yi ba. Ya ce, "Kai, akwai haske?" Na ce, "Ranka ya daɗe, janareta ne, amma komai na kunne." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe hasken cikin waya yake nufi. Ya shiga suwic ya buga `switchshow`, sai ga kafar da na soka waya an rubuta mata No_Light. Wayar faiba igiya biyu ce manne da juna, ɗaya mai aikawa ɗaya mai karɓa, kuma dole bakin mai aikawa na wannan gefe ya faɗa kunnen mai karɓa na wancan. Tawa wani ya taɓa ɓalle kan ya mayar a juye, baki na kallon baki. Ya ɓalle ɗan makamin robar, ya musanya su, ya soka. Nan take kafar ta koma Online, F-Port, ga lambar katina a gefe. Kwana shida na ɓata, shi ko minti uku bai yi ba.

Abu biyu kafin in wuce. Kada ku leƙa cikin waya da ido don ganin ko akwai haske. Leza ce, a tambayi suwic da `sfpshow` ya faɗi ƙarfin abin da yake karɓa. Sannan mai sayen Brocade 300 na hannu ya sani kafa 24 ne a jiki amma 8 ake buɗewa tun asali, sauran sai da lasisi. A sa mai kaya ya buga `licenseshow` kafin a biya shi. Ni ban yi ba, takwas-takwas na samu.

Mako na biyu

Haske ya samu, amma tsugune ba ta ƙare ba. Kowace kafa a duniyar Fibre Channel tana da lambarta da babu mai irinta, WWPN, harafi da lamba 16 a jere bibbiyu. Idan kati ya ga haske sai ya gabatar da kansa ga suwic, suwic ya rubuta shi a rajista, ana ganin rajistar da `nsshow`. Shiga rajista ba ya nufin an ba ka izinin magana da kowa. Sai an yi zonin, wato an yanka shinge an ce wannan kafa da waccan su kaɗai za su ga juna. Ƙa'idar da ogana ya ɗora ni a kai: kafar saba ɗaya tak a kowane shinge, kada a haɗa saba biyu su riƙa jin hayaniyar juna.

Na laƙaba wa lambobin sunaye da `alicreate` don kada in riƙa haddar dogon lissafi, na yanka shinge da `zonecreate`, na tara su da `cfgcreate`, na buga `cfgsave`, na miƙe ina jin kaina injiniya. Babu faifai. Kwana biyu ina dubawa, komai daidai yake a rubuce. Sai da na karanta abin da `cfgshow` ke fitarwa har ƙasa na ga kashi biyu ne: tsarin da aka rubuta, da tsarin da ke aiki. A na biyun, tsohon tsarin wanda ya riga ni mallakar suwic ɗin ne ke zaune daram. `cfgsave` ajiya kawai yake yi. `Cfgenable` ne ke ɗora tsari kan aiki. A wurin aiki na gaske wannan umarni ba abin wasa ba ne, domin in ka ɗora tsarin da ya manta da shingen wata saba, a take ka raba ta da faifanta.

Ƙofa ta uku tana jikin rumbun kansa. Shi ma sai ka gabatar masa da sabar, ka ce ga lambobinta, ga LUN ɗin da za a nuna mata, sauran a ɓoye. Maskin ke nan. A nan na yi kuskuren da har yanzu nake jin haushinsa. A cikin `/sys/class/fc_host/` kowace kafa na da fayil biyu maƙwabta, `node_name` da `port_name`. A katin QLogic ɗina na farkon ya fara da 20:00, na biyun da 21:00, sauran lambobin duk iri ɗaya ne sak. Na kwafi na 20 na liƙa wa rumbu. Harafi ɗaya ya ci mini kwana uku. Yanzu ina da littafi na takarda, irin na 'yan makaranta, kowace kafa da lambarta da inda wayarta ta nufa, kuma kowace waya na manna mata takarda a kai biyun.

Mako na uku zuwa na huɗu

Na gyara lambar, na sa sabar ta sake lalube da `rescan-scsi-bus.sh`, na buga `lsblk`. LUN ɗaya na yanka mai gigabait 100. Abin da ya fito: sdb, sdc, sdd, sde, kowanne gigabait 100. Na ɗan yi murna, na ce ko rumbun ne ya yi mini gyara kamar mai awo a kasuwa.

Faifai ɗaya ne, hanyoyin zuwa gare shi ne huɗu. Kafar kati ta farko tana suwic na farko, tana ganin kwantirola biyu. Ta biyu tana suwic na biyu, ita ma tana ganin biyun. Biyu sau biyu. Linux kuwa duk hanyar da ya bi ya tarar da faifai sai ya raɗa masa sabon suna. Na tabbatar da `scsi_id`: lambar shaidar duka huɗun ɗaya ce. Da na yi gangancin tsara sdb na hau rubutu a kai, da na rataya komai a kan waya ɗaya, ranar da ta tsinke shi ke nan.

Maganin shi ne multipath. Na kunna shi da `mpathconf --enable --with_multipathd y`, sai huɗun suka dunƙule suka zama `/dev/mapper/mpatha`, wanda shi kaɗai ake taɓawa daga nan. Na fi awa ɗaya ina kallon abin da `multipath -ll` ya nuna, don ya burge ni: hanyoyin sun rabu gida biyu, biyu masu daraja 50, biyu masu daraja 10. Rumbun ne da kansa ke gaya wa saba wace kwantirola ce ke riƙe da wannan LUN, tsarin da ake kira ALUA. Ana bin masu 50, masu 10 na zaune a benci sai an neme su.

Sai gwajin da ogana ya ce in ban yi shi ba kada in ce masa na gama. Na sa `fio`, manhajar gwada gudun faifai, yana ta rubutu, na miƙa hannu na zare waya ɗaya. Gabana ya faɗi, don lambobin da ke gudu a allo sun tsaya cik. 'Yan daƙiƙoƙi, sai suka ci gaba. Hanyoyi biyu sun koma failed faulty, biyu na aiki. Na mayar, suka farfaɗo. Na kashe suwic na biyu ɗungurungum, rubutu bai yanke ba. A nan na gane dalilin da ya sa ba a taɓa haɗa suwic ɗin biyu da waya. Da farko na ga kamar asarar kuɗi ce. Amma in suna haɗe sun zama gida ɗaya mai tsarin shinge ɗaya, kuskuren `cfgenable` irin nawa zai kwashe duka hanyoyin huɗu a lokaci guda. A rabe, in ka ɓata ɗaya, ɗayan na riƙe da kai.

Don son sani na nuna wa wata saba LUN ɗin, na hau shi daga wuri biyu alhali tsarin ajiye fayil na XFS ne a kai. Bai daɗe ba ya dagule. XFS da ext4 ba su san zaman kishi ba. Mai son saba biyu a faifai ɗaya sai ya nemi irin su GFS2 ko VMFS.

Wannan makon

Hunturu ya shigo da nasa. Kafa ɗaya ta fara tara kurakuran CRC, alamar saƙo na lalacewa a hanya, a `porterrshow`, hanya na faɗuwa tana tashi. Wayar da na zare lokacin gwaji ce, na bar ta a kan tebur ba murfi tsawon yini. Cibiyar OM3 maikiron 50 ce, ba ta kai kaurin gashin kai ba, ƙurar Kano kuwa ba ta neman izini. Na goge kan da alƙalamin goge faiba, na share ƙidayar, ta tsaya a sifili. 'Yan murafen robar nan da nake zubarwa yanzu gwangwani guda na ware musu.

Wuta ma ta koya mini tsari: suwic ake fara kunnawa, sai rumbu ya gama tashi, sannan saba, wajen kashewa a juya. Batirin ɗaya daga kwantirololin ya mutu, don haka rumbun ya daina tara rubutu a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, yana kai komai faifai kai tsaye, gudu ya ragu sosai. Ina cigiyar batirin.

Wanda ba shi da kuɗin wannan tarkace kada ya karaya. Da kwamfuta biyu da wayar sadarwa ta yau da kullum za a yi iSCSI, wato SAN a kan sadarwar da aka saba: `targetcli` a gefen rumbu, `iscsiadm` a gefen saba, tasha ta 3260, sunan IQN a madadin WWPN. In ka sa katin sadarwa biyu, har multipath da zare waya za ka gwada. Shi zan haɗa mako mai zuwa a gefen wannan, in auna su biyun da `fio` iri ɗaya, in Allah ya kai mu kuma man janareta ya isa.