Matashin allura, yadda nake ɗinka shi da abin da nake cusa masa

Salam 'yan uwa, da fatan kowa na lafiya. Yau maganar ɗan ƙaramin abu zan yi, matashin da ake soke allura da fil a jiki, kuma dalilin da ya sa na dage a kai shi ne wata ɗabi'a da kusan dukkanmu masu ɗinki muke da ita, wato riƙe fil a baki. Kina gwada wa kwastoma riga fil uku huɗu na tsakanin leɓe kina magana a haka, ko kina ɗaura mayafi gaban madubi fil na baki wani ya kira sunanki ki amsa. Likitoci a Turkiyya da Masar sun sha yin rubutu kan 'yan mata da fil ɗin ɗankwali ya wuce musu hanyar numfashi ta haka, dariya ko tari ne kawai ya zo, sai an zura na'ura cikin huhu an ciro shi wani lokacin ma sai an yi tiyata. Ga kuma allurar da ake sokewa a gefen katifa ko bakin zani ko a bari kan tabarma alhali akwai yaro mai rarrafe a gidan. Wallahi abin yana tsorata ni, shi ya sa duk yarinyar da ta zo koyon ɗinki wajena matashin nan ne aikinta na farko.

Kayan ba tsada. Ƙyalle biyu masu kusurwa huɗu, inci biyar biyar, in an cire rabin inci na ɗinki kowane gefe zai tsaya inci huɗu. Na sama ki nemi yadi mai saƙa a matse mara santsi, farin auduga ko ragowar shadda da ta sha wanki ta yi laushi, na ƙasa kuma kowace atamfa ta yi. Ban da leshi ban da yadi mai miƙewa, fil zai riƙa jan zaren yana ɓarkewa. In ba ki da ƙyalle kowane shagon tela yana da buhu guda, sai dai ki roƙa.

Adon ake fara yi tun ƙyallen yana shimfiɗe, in kika bari sai kin haɗa kin cusa to kin wahalar da kanki. Ni dagi nake so, dagin arewa ɗin nan, na zana da fensir a hankali na bi shi da ɗinkin sarƙa, amma gaskiya dagi a fili inci huɗu yana son haƙuri saboda wajen da layi ke hawa kan layi yana shiga ƙarƙashi, in aka rikice wuri ɗaya duk ya lalace. Mai farawa ta yi ɗan fure ko harafin sunanta ya isa. Zaren ado na kamfanin DMC sili shida yake zuwa, ki raba ki ɗauki biyu ko uku, kuma kar ki ja zaren da ƙarfi don yadin zai tattare. Abu ɗaya da nake roƙo, a bar tsakiya da fili. Na ga masu cike fuskar gaba ɗaya da aiki irin na hular zanna, yana da kyau a ido ba ƙarya, to amma ina za a soke allurar? Kullum kina soka cikin zaren adon wata biyu ya yi buzu-buzu. Ki kai adon gefe-gefe da kusurwa. In kin gama ki goge ta baya, ki sa masa shafi na siririn yadi don ya riƙe ƙulle-ƙullen zaren.

Haɗawa kam ba wuya, fuska da fuska, a bi gefe da keke ko da hannu ɗinki ƙanana a matse, a bar ƙofa kamar yatsa uku a tsakiyar gefe ɗaya, ba a kusurwa ba. A ɗan datse kusurwoyin da almakashi kar a taɓa ɗinkin, a juyo, a tura su waje da gindin fensir.

Toh cusawar ita ce maganar, nan ne matashi ke yin kyau ko ya mutu. Mutane da yawa soson katifa suke yankawa su tura, ni ba na so, fil ba ya zama daram a ciki kuma in ya tsufa marmashewa yake. Wasu su zuba shinkafa ko gero don nauyi, wannan kuma gayyatar ƙwari da ɓera ne, damina na zuwa ya ja danshi. Auduga ta fi su amma ita ma tana shan laima, allurar da kika bari ciki tun watan Yuli zuwa Satumba za ki ciro ta da tsatsa, ta ɓata miki farin yadi. Abin da na fi yarda da shi audugar rimi ce, irin wadda iyayenmu ke cika matashin kai da ita. Ba ta riƙe ruwa, ba nauyi, in aka danna ta dawo. Sai dai tana tashi tana shiga hanci, ki ɗaura ƙyalle a fuska ki kashe fanka, kuma ki yi nesa da murhu ko kyandir domin tana kama wuta nan take. Garin katako busasshe daga wajen kafinta ma yana yi sosai, yana ba da nauyi da tauri, amma sai an tankaɗe an shanya a rana kuma a zuba shi cikin 'yar jaka daban tukuna, in ba haka ba zai riƙa fitowa ta ramukan fil. Wanda ya samu gashin tunkiya wankakke ya more, maiƙon da ke jikinsa yana kare allura daga tsatsa. Jan matashin nan mai kama da tumatir da ake gani cikin kayan ɗinki na kanti, ɗan abin da ke reto a jikinsa asali gari mai kaushi ake cika masa don a riƙa goge bakin allura.

Kaɗan kaɗan ake cusawa, kamar ƙwallon goro kowane tashi, kusurwa huɗun nan su fara cika sannan tsakiya. Kuma ki ci gaba da turawa bayan kin ga kamar ya cika, don abin da kike ganin ya isa sati ɗaya zai lotsa. Ki soka fil ki gani, in ya tsaya a miƙe bai kwanta ba kuma bai ɓule ta ƙasa ba to ya yi. Ƙofar kuma a kalmashe bakinta ciki, a riƙa ɗaukar zare kaɗan daga wannan gefe kaɗan daga wancan ana ja, sai ɗinkin ya ɓuya. Daga nan nake sa maɓalli sama da ƙasa, na ratsa da zare mai ƙarfi sau uku huɗu na ɗaure, cibiyar ta lotsa cikin ya ƙara tauri.

Mai aiki a tsaye tana gwaji ta yi ƙarami ta ɗinka masa roba ta sa a wuyan hannu, amma don Allah a sa murfin kwalba ko guntun fata a ƙasansa kar fil ya ratsa ya same ki. Na kan keke kuma ki zaunar da shi cikin wankakken gwangwanin tumatir da aka daddanne bakinsa, ba zai gangara ba. Ki riƙa barin ɗan zare a kunnen kowace allura domin su ba su da kai kamar fil, nutsewa suke ciki su ɓace, wata rana ki matsa ya soke ki. Da yamma in an tashi a ɗora shi sama inda hannun yara ba ya kai, a bi ƙasa da maganaɗisu. In ya lotsa bayan wasu watanni ba sai kin yi sabo ba, ki farke ƙofar nan ki ƙara rimi ki rufe.