Jika 42 na kashe wa fuskata, ta saka mini da kumburi

Fatata ba ta son wargi tun ina yarinya. In na kuskura na wanke fuska da sabulun wanki, kafin in goge ruwan kumatuna sun ɗau raɗaɗi kamar an shafa mini tonka. Inna takan ce fatar kakata na ɗauko, wadda ko sabuwar atamfa sai an wanke mata kafin ta ɗaura. Da damina ina samun sa'ida. Hunturu ne ba ma ga maciji da shi. Daga Nuwamba, da iskar nan mai ƙura ta taso, gefen hancina da haɓata sai su fara saɓa, ga ƙurar alli a lakwal tana ƙara mini, in dawo gida unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi fuska fari fat kamar mai aiki a injin niƙa.

Bikin ƙanwata ne ya ja ni. An sa rana ƙarshen Disamba, ni ce babbar yaya, duk hoton da za a ɗauka ina ciki. Akwai wata Hajiya mai sayar da kayan gyaran jiki, kullum tana ɗora su a WhatsApp, na je gidanta da niyyar in duba kawai. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

"Haba Malama, ke da kike ɗaukar albashi? Basilin ai na ƙafar yara ne. Ga na masu fata irin taki, daga waje ya zo, an ma rubuta a jiki."

An rubuta kuwa, da Faransanci: na fata mai laushin hali. Kaya huɗu ne a kwali ɗaya, na wanke fuska, ruwan gogewa, wata ƴar kwalba da ake ɗiga mai, da man dare a kwalba mai nauyi da murfi ruwan zinari. Ƙamshinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya ji ya zama wani abu. Jika 42, wato sefa dubu 42. Na ba da 22 daga kuɗin adashina, saura sai ƙarshen wata.

Daren farko na shafa duka huɗun a jere, yadda ta tsara mini. Fuska ta yi tsam-tsam. Na aika mata saƙo, ta amsa da murya cewa aiki ne yake yi, in yi haƙuri. Wannan kalmar ita ta cuce ni, don na ƙara kwana huɗu ina haƙuri. Ran na biyar na tashi fatar idona ta kumbura, kumatu sun yi rudu-rudu, ko ruwan alwala ya taɓa su sai na ciji leɓe. Saura kwana 9 a ɗaura aure.

Likitan da na gani bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce, "Malama, koma ki kwaso mini duk abin da kike shafawa, har sabulu, ki zuba a leda ki kawo." Kafin in fita ya tambaye ni ko ina bilicin, ya ce in faɗa masa gaskiya. Na ji haushin tambayar, amma daga baya na gane dalili. Da yawa daga matan da ke kuka da cewa fatarsu ba ta ɗaukar komai, man ƙara haske ne ya cinye ta. Wasu mayukan akwai clobetasol a ciki, maganin asibiti ne mai ƙarfi wanda in aka daɗe ana shafa shi fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, wasu kuma hydroquinone, sinadarin da ke dusar da launin fata. Kodibuwa ta hana sayar da irinsu tun 2015. Mai irin wannan fatar ko man miliyan ta saya ba zai zauna mata ba sai ta bar na farkon.

Da na kawo ledar, ya jera kwalaben a tebur, ya juya wa kowace baya. Ni da nake koyar da yara karatu, ban taɓa karanta ƙananan rubutun nan ba. Ya nuna mini cewa jerin yana da ƙa'ida: abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, a gangaro zuwa ƴan kaɗan. Man daren nan mai murfin zinari ya fara da Aqua, ruwa ke nan, sai gilisarin, irin wanda ake samu a kowace farmasi. Can ƙasa ya sa biro ya ja layi a ƙarƙashin parfum, linalool da limonene. Turare ne duka, kuma turare yana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar wa fata da bori a kayan shafa, shi ya sa dokar Turai ta tilasta wa kamfanoni su rubuta sunayen wasu daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ruwan gogewar kuma akwai alkol da wani asid mai saɓe fata. A hunturun Maradi, a kan fatar da ta riga ta tsage.

Na tambaye shi wanne ne mai laifin. Ya yi dariya ya ce yaya zai sani, tunda baƙi huɗu na saukar a dare ɗaya?

Ya rubuta mini wani magani na shafawa na kwanaki kaɗan, ya ce in ajiye komai, in wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, kuma tun tana da danshi in shafa basilin fari marar ƙamshi, siriri. Basilin ɗin dai da aka ce na ƙafar yara ne. Tun 1872 ake sayar da shi da wannan suna, kuma aikinsa ɗaya ne, ya rufe fata kada ruwan cikinta ya tsere. Shi ya sa shafa shi a busasshiyar fuska ba ya yin abin da yake yi in an shafa bayan wanka nan take. Kumburin ya sauka kafin biki. Abin da bai sauka ba shi ne baƙin tabo a kumatu biyu, wanda ya bi ni har bayan azumi. Mu masu duhun fata haka abin yake mana: ja ya tafi, baƙi ya zauna. Duk hotunan bikin, mayafina yana jaye har kunci.

Bayan na warke sai taurin kaina ya motsa. Kuɗina ne, ina son in san wanne ya ci amanata. Na bi hanyar da likita ya koya mini: abu ɗaya tak, a lanƙwasar hannu ta ciki, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, ina rubutawa a bayan littafin shirya darasi. Man dare ya tona kansa ran na huɗu, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ruwan gogewa ko kwana biyu ban iya kai wa ba. Amma ƴar kwalbar ɗigon nan ba ta yi mini komai ba, na shafe ta har ta ƙare, kuma ba zan yi ƙarya ba, tana da daɗi a fata, ba maiƙo ba nauyi. Ko ta yi abin da ya kai kuɗinta, wannan ban gani a madubi ba.

Kayan gida ma ban ɗaga musu ƙafa ba, don Inna ta dage cewa da na tsaya a man kaɗanya da duk haka ba ta faru ba. A ƙafa da hannu gaskiyarta ce, faso da kaushi ba su da magani kamarsa, kuma na ga sunansa na boko, Butyrospermum parkii, a bayan kwalabe masu tsada da yawa. A fuskata kuwa ƙuraje ya fito mini da su. Sabulun salo, da kowa ke yabo don na gargajiya ne, shi ya fi kowa busar da ni. Fata tana da ɗan tsami-tsami na halitta, ma'auninta wajen 5, sabulu kuma yana kai wa 9 ko 10, na toka da na kanti duk ɗaya. Dilka da kurkum da aka yi wa amarya ta fito tana sheƙi, ni ko kusa ban je ba.

Wuri biyu ne na yarda in kashe kuɗi yanzu, kuma ba na jin ciwonsu. Na farko abin wanke fuska marar sabulu marar turare, daga farmasi. Na saye shi jika 9, yana kai mini wata huɗu, kuma shi ya kawo ƙarshen raɗaɗin safiya. Na biyu man kariya daga rana, saboda tabon nan rana ce ke ƙara masa baƙi. Na gwada mai araha, ya shiga idona da gumi ina tsakiyar darasi, ya kuma bar ni da fuska toka-toka, dole na koma wanda ya fi shi kuɗi. A nan tsadar ta sayo mini wani abu da nake iya gani. Sayen a farmasi ma wani ɓangare ne na abin da nake biya, don jabu ya yi yawa, kuma man da ya yi wata da watanni a rumfar kwano cikin zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ba shi ne wanda ya baro masana'anta ba. Akwai ɗan zanen kwalba buɗaɗɗiya a jiki da 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe shi.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da kwaɗayi shi ne da na gano cewa kamfani ɗaya, L'Oréal, shi ke da Lancôme na manyan kantuna, shi ke da La Roche-Posay da CeraVe na farmasi, shi ke da Garnier na kowa da kowa. Kowane aljihu an tanadar masa kwalbarsa. Kalmar hypoallergénique kuma, wato wai ba ya tayar wa fata da bori, da nake ganin kamar hatimin likita ce, a Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ta faɗa a fili cewa babu wata doka da ta ƙayyade ma'anarta. Yanzu gaban kwalba ba ya ɗaukar mini hankali. Ina juya ta, in jerin ya yi tsawo kamar sunayen ƴan aji, ko na hango parfum, sai in mayar wa mai shago kayansa in yi masa godiya.

Ƙamshi ne kawai na kasa bari, ni ba waliyyiya ba ce. Humrata tana nan, amma a tufafi nake sa ta, ba a wuya ba, turaren wuta kuma zani nake turarawa in kau da fuska.

Cikon jika 20 na kai wa Hajiya ƙarshen Janairu, da tabona a kumatu. Ta duba ni ta ce wataƙila jinina ne mai ƙarfi, akwai wani sabo da ke hanya wanda ya fi wancan sanyi. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Kwalbar mai murfin zinari Inna ta wanke ta tas, allurai da maɓallai take zubawa a ciki.