Gashin sankarar nonon hagu ga mai hawan jini da ciwon suga

Sankarar da aka gano mini a nonon hagu take, kuma tun kafin ta zo ina fama da hawan jini da ciwon suga. Da aka cire ƙullutun aka bar nonon, sai aka tura ni wajen likitan gashi, wato mai ƙona ragowar sankara da hasken na'ura. Bai sa mini rana ba sai da ya tsare ni da tambayoyi: wane magani nake sha, na taɓa yin tarin fuka, an sa mini na'urar daidaita bugun zuciya, ina iya ɗaga hannu sama da kai in riƙe? Har gwajin ciki aka yi mini, domin ba a yi wa mai juna biyu gashi.

Ya ce, "Hajiya, zuciyarki a bayan wannan nonon take." Wani bincike na 2013 a kan matan Suwidin da Denmak ya nuna cewa kowane awo guda na hasken da ya taɓa zuciya, wanda suke kira gire, yana ƙara haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 7.4 cikin ɗari. Mace irina, da haɗarinta yake sama tun asali, ita ƙarin ya fi yi wa nauyi.

Shi ya sa aka koya mini jan numfashi in riƙe kamar daƙiƙa 20, huhu ya cika ya ture zuciyar daga inda hasken zai bi. Da fari ƙirjina har zafi yake. Kullum bayan sallar asuba nakan kwanta a tabarma, hannu a sama, 'yata tana duba mini agogo.

Suga kuwa a fata ya nuna kansa. Ƙarƙashin nonon ya yi baƙi ya saɓule, kuma warkewarsa ta ɗau lokaci, sai da na tsananta wa kaina a kan abinci da magani. Wata baiwar Allah da muke zaman jira tare, mai ciwon da ke taurara fata, ita shawarar cire nonon gaba ɗaya aka ba ta, don kauce wa gashin.

'Yar'uwa, ranar ganin likita ki zuba duk magungunanki a leda ki tafi da su, har na gargajiya. Illar gashi ga zuciya takan ɗau shekaru kafin ta bayyana, don haka har yanzu ina zuwa wajen likitan zuciya a duba ni.